An Yi Wa Nevzat Tafi

Wa'adin da Pelin ta ba uwarta Sevim safiyar Litinin ne, ƙarfe tara. Gidan kula da tsofaffi da ke Urla ya samu gado ɗaya, wani tsoho ya rasu ya bar shi, kuma mutum goma sha ɗaya ne a layi suna jiran a yi sakaci. In Sevim ta ce e, ranar Laraba a zo a ɗauki mijinta Nevzat. In ta ce a'a, ta ci gaba da fama da shi ita kaɗai a hawa na uku, da hannu ɗaya, don na hagun yana cikin ɗauri tun ranar da ta je ɗaga shi daga ƙasan banɗaki suka zube tare.

"Mama, ba jefar da shi za mu yi ba fa," in ji Pelin ta waya daga Ankara. "Gas ya kunna ya bari. Sau biyu. Jira kike ya tashi gidan da ku a ciki?"

"Ubanki ne."

"Na san ubana ne. Shi ya san ni? Ke ɗin ma ya san ki?"

"Yana ciki, Pelin. Ƙofar ce kawai ta cije."

"Shekara biyu ke nan kina ce min yana ciki."

"To, saurara. Ranar Lahadi Rasim zai yi wasa a lambun shayi na Karshiyaka. Zan kai shi. In ya ji gangarsa hannunsa bai motsa ba, ki kira su, ni da kaina zan haɗa masa kaya."

Pelin ta ce, "Kin yi alkawari?"

"Na yi."

Duk wanda ya san Sevim ya san ba ta magana biyu. Shekara talatin ta yi tana koyar da labarin ƙasa a makarantar 'yan mata, kuma har yau akwai matan da suka yi jikoki waɗanda in sun hango ta a kasuwa sai sun gyara tsayuwa.

Nevzat kuwa shi ne mai gangar Rasim Kayalar tsawon shekara goma sha tara. A zamanin da samarinmu suka tara suma, suka ɗauko waƙoƙin ƙauye suka jona su da lantarki suka kira abin rok, iyayenmu kuma suka ce duniya ta zo ƙarshe, su biyun nan suna sahun gaba. Rasim yana ihu a gaba, Nevzat yana zaune a baya cikin falmaran ta fata, ba ya ko murmushi, yana riƙe da kiɗan kamar mai riƙe da linzami. Babbar waƙarsu ita ce "Ɓauren Kan Katanga", wadda ke farawa da ganga zalla: duka uku, sai shiru, sai duka ɗaya. Masu rubutu a jarida sun cika shafuka a kan wannan shirun, sun ce hikima ce. Ba hikimar komai. Bugun ƙofar gida ne. In Nevzat ya dawo daga yawon wasa, sai ya ƙwanƙwasa sau uku ya tsaya, ita kuma daga ciki ta amsa da ɗaya kafin ta zare sakata. Su biyu kaɗai suka san wannan.

Ta gwada a gida, ba sau ɗaya ba ba sau ɗari ba. Ta buga teburin kicin sau uku ta jira. Sai ya ɗago ya dubi zaure ya ce, "Baiwar Allah, kamar ana buga ƙofa." Ta sa masa faifan, ya yi gyangyaɗi. Amma faifai faifai ne, in ji ta. Bari ya ji gangar gaske tana dukan ƙirjinsa, ya ji muryar Rasim, ya ji ihun jama'a. A kan wannan ta ɗora duk abin da ya rage mata.

Sai dai akwai abin da dole a faɗa a kan Sevim, ko da za ta ji haushi. Tana da girman kai, kuma girman kan nan ba don kanta take yin sa ba, don mijinta take yi. Tun da ciwon mantuwa ya kama shi shekara huɗu da suka wuce, ta rufe ƙofa. Tsofaffin abokan kiɗa su bugo waya, ta ce yana barci. Su sake bugowa, ta ce ya tafi ƙauye wajen ƙanwarsa. Daga baya ta sa aka yanke wayar gidan gaba ɗaya, suka tashi daga unguwarsu suka koma inda ba wanda ya san su. Rasim ya taɓa aiko da furanni, ba ta ko amsa ba. Ta rantse ba mai ganin Nevzat, mutumin da ke goge rigarsa da kansa sau biyu kafin ya fita, yana yawo da cokulan shayi a aljihu yana tambayar sunan matarsa. A Izmir kuwa, mutumin da aka daina gani a gidan shayi shekara biyu, kowa sai ya tsara masa nasa labarin.

Ranar Lahadi tun da hantsi ta fara shirya shi. Aski da hannu ɗaya ba wasa ba ne, ta yanke shi kaɗan a haɓa. Ta ciro falmaran ɗin fatar daga ƙasan akwati, ta yi masa yawa yanzu, kafaɗun sun zube. Yana tsaye shiru tana fama da maɓallai.

"Na gode, baiwar Allah," ya ce. "Kina wahala da ni. Allah ya saka."

Ciwon ya kwashe komai ya bar masa ladabi. Wannan ya fi komai ci mata rai. Da ma zaginta yake yi, da ta samu wanda za ta yi faɗa da shi.

A bakin ƙofa ta tsaya ta dube shi, sai ta koma ta ɗauko hular hana sallah da baƙin tabarau ta sa masa. Ta ce wa kanta saboda rana ne.

Suka hau jirgin fito daga Konak. A ciki ya tashi ya ba wata mata mai ciki kujerarsa, sannan ya manta dalilin tsayuwarsa, ya nufi ƙofa zai sauka a tsakiyar ruwa. Sevim ta riƙo gefen falmaran ɗin, ba ta sake shi ba har suka tsallaka.

Ƙarfe huɗu na yamma aka sa wasan. Da can Rasim ba ya hawa dandamali sai gari ya yi tsit, amma yanzu masoyansa duk masu shan maganin hawan jini ne, ana yin isha suke neman gado. Lambun ya cika maƙil, mutum zai kai ɗari uku. Maza masu furfura sun ɗaure 'yar sumar da ta rage a ƙeya, sun cusa tumbi cikin baƙaƙen riguna masu hoton Rasim yana saurayi. Mata sun zo da saƙarsu da gasassun 'ya'yan kabewa. Sevim ta ja mijinta har teburin ƙarshe, gindin wata bishiya, inda inuwa ta fi duhu.

Mai kawo shayi, wani dattijo mai suna Shukru wanda ƙafafunsa suka gaji tun kafin a fara, ya ajiye musu kofi biyu ba tare da an tambaye shi ba. Nevzat ya yi masa godiya sau uku, ya zare cokalin ya sa a aljihu, sannan ya jawo takardun goge baki ya shiga ninke su ɗaya bayan ɗaya, gefe da gefe, kamar wanda aka ba aiki.

A teburin kusa da su akwai wani mai ƙaton gashin baki da ya cika wurin da murya. Tunjay matarsa ke kiransa, kuma kowane minti biyu sai ta kira shi, don ya rage sauti.

"Dubi wanda suka ɗora a kan ganga," in ji Tunjay. "Wannan ai dambe yake shirin yi, ba kiɗa ba. Mai ganga ɗaya aka yi a ƙasar nan, Nevzat. Sau goma sha huɗu na kalle shi. Ni ko ƙeyarsa na hango a kasuwa na gane shi."

"Kai da ba ka gane surukarka a asibiti ba," in ji matarsa.

"Wannan da gangan na yi."

"Yana ina ma yanzu?"

"Oho. Wasu sun ce Jamus ya koma. Wasu kuma sun ce..." Sai lasifika ta yi ƙara ta haɗiye sauran.

Sevim ta kafa ido a kan kofinta. Ƙeyar da Tunjay ke magana a kanta tana nan, taku biyu daga gwiwar hannunsa.

Da aka ce ga Rasim Baba, wurin ya kaure da ihu da fito. Mutum biyu suka tallafo shi ya hau matakala uku. Ya rina suma baƙi ƙirin kamar an shafa mata man takalmi, ya sa wandon fata, an ajiye masa doguwar kujera a gaban makirfo don gwiwoyin sun daina ɗaukarsa. Ya ɗaga hannu ɗaya yadda yake yi tun shekara hamsin, hannun yana rawa. Zuciyar Sevim ta karye tun a nan. Ta zo neman magani ne wurin wanda shi ma majinyaci ne.

Amma da jita ta tsage, ganga ta shigo, ya buɗe baki, akwai saura. Muryar ta dushe, ta yi ƙasa, tana gurzar maƙogwaro, sai dai tasa ce. In waƙa ta hau inda ba zai iya kaiwa ba, sai ya miƙa wa jama'a makirfo, tsofaffi ɗari uku su kai masa ita. Wata mata ta ajiye saƙa tana kuka. Tunjay ya hau dukan tebur har kofuna na tsalle.

Sevim ba ta kallon dandamali. Hannayen Nevzat take kallo, manyan hannaye masu kaurin gaɓoɓi, da tabon da sanda ta bar masa a gindin yatsa. Suna ninke takarda. Da mai jita ya ja wata doguwar ƙara, Nevzat ya yamutsa fuska ya sunkuyo wajenta.

"Gini ake yi a nan ne?"

"Kiɗa ne, Nevzat. Rasim ne. Ka tuna Rasim?"

"Allah ya taimake shi," ya ce, ya koma kan takardunsa.

Waƙa shida, waƙa bakwai. Rana ta fara sunkuyawa kan ruwa. Sevim ta yi ta jiran duka ukun nan ba su zo ba. Daga ƙarshe ta danne zuciyarta ta juya wajen Tunjay.

"Ɗan'uwa, ba zai yi ta ɓauren ba ne?"

"Wace? Ta kan katanga? Haba 'yar'uwa, ke baƙuwa ce? Tun da Nevzat ya ajiye sanda bai ƙara yin ta ba, shekara ashirin ke nan. Ya ce ba mai iya riƙe masa shirun nan. Ko gwamna ne ya roƙa ba ya yi."

Ashe Sevim ta sa alkawarinta da makomar mijinta a kan waƙar da ba a yi.

To, mu a nan, in kana son waƙa ba ihu kake yi ba. Takardar goge baki kake ɗauka ka rubuta sunan waƙar da wanda kake so a yi wa, ka ba mai kawo shayi, shi kuma ya ɗora a faranti ya kai gaban mawaƙi. Haka aka gada, kuma ko mawaƙin da ya fi kowa ji da kai sai ya karanta, ko da ba zai yi ba. Sevim ta zari ɗaya daga takardun da Nevzat ya ninke, ta danne ta da ɗaurin hannunta, ta rubuta: "Rasim, Nevzat yana nan, tebur na ƙarshe gindin bishiya. Ka yi masa ta ɓaure."

Sai ta ɗago ta dubi mijinta. Shayi ya zubo masa daga gefen baki ya bi haɓa ya ɗiga kan falmaran. Ta san Rasim. Yana karantawa zai yi ihu ya ce a kawo masa shi, a ja Nevzat har kan dandamali, a cire masa hula, a danƙa masa sanduna, wayoyi ɗari uku su tashi sama suna ɗauka. Shi kuma ya tsaya da sanduna a hannu yana godiya, yana tambayar ko gini ake yi. Gobe duk ƙasa ta gani.

Ta dunƙule takardar ta jefa a jaka. Ta ɗauki wata ta rubuta gajere: "Ɓauren Kan Katanga. Saboda Nevzat. Sevim."

Shukru ya karanta a tsaye, don masu kawo shayi ba su san sirri ba. "'Yar'uwa, wannan ɓata ƙafata kawai za ki yi. Baba ba ya yin ta."

"Kai dai kai masa."

Ya ɗaga kafaɗa ya tafi yana jan ƙafa.

Bayan waƙa ta tara Rasim ya tsaya shan ruwa, ya jawo farantin. Yana ɗaukar takardun yana nesanta su da fuska, don ya ƙi jinin a gan shi da tabarau.

"Wannan yana son waƙar rawa saboda kaciyar jikansa. Malam, ka yi ɓatan hanya, gidan biki yana can gaba." Aka yi dariya. "Wannan kuma lambar waya ce. Hajiyata, kin makara da shekara talatin." Aka sake kwashewa.

Ya ɗauki ta uku, ya nesanta ta, sai ya tsaya. Ya laluba aljihu ya ciro tabarau ya sa a gaban kowa. Ya daɗe yana kallon takardar, har dariyar ta mutu, har aka fara jin ƙarar cokula.

"Sevim," ya ce a makirfo. "Matar ɗan'uwana. Kina ina?"

Ya kare ido da hannu yana duba jama'a, rana tana dukan fuskarsa. Sevim ta ƙara shigewa inuwa. In ta ɗaga hannu, idon kowa zai sauka a teburinsu.

"Ba komai, kada ki tashi. Na gane." Ya juya wajen taron. "Jama'a, shekara biyu ina jin wata magana ina ƙin yarda. Na buga waya, an yanke. Na je gidan, wasu ne a ciki. Na ce ƙarya ne, Nevzat ba zai tafi bai gaya min ba. Yau ga rubutun matarsa, ita kaɗai ta sa suna." Ya ɗaga takardar sama. "Shekara goma sha tara yana bayana. Ban ɗauki makararsa ba. Ban zuba masa ƙasa ba. Ba mu ma yi masa tafi ba."

Duk wanda ke wurin ya san abin da yake nufi. Mu in mawaƙi ko ɗan wasa ya rasu, da tafi muke raka shi, tun daga ƙofar gidan wasa har mota. Limamai sun yi ƙorafi sun gaji, ba a fasa ba.

"Ku tashi," in ji Rasim. "Ku tashi ku ba shi abinsa."

Kujeru ɗari uku suka ja baya lokaci ɗaya. Tafin ya tashi kamar ruwan sama a kan kwano. Rasim da kansa ya dafa makirfo ya miƙe a kan mugayen gwiwoyinsa, hawaye na bin rinin da ya zubo masa a kunci.

"Yana nan!" Sevim ta yi ihu. "Yana nan!"

Ko ita ba ta ji muryarta ba. Matar Tunjay, wadda ta ga lokacin da aka rubuta takardar, ta juyo da ido jawur ta rungume ta. "Ke ce? Wayyo 'yar'uwa, kina zaune kusa da mu ba mu sani ba. Allah ya ba ki haƙuri. Tunjay, ita ce fa!"

Tunjay yana kuka wiwi, gashin baki ya jiƙe. "Gobe ni zan sa a soya masa fanken sadaka a bakin titi, wallahi ni zan yi." Sai idonsa ya sauka kan tsohon da ke zaune da hula yana ninke takarda, mutum ɗaya tilo da bai tashi ba a duk lambun. Ya dafa masa kafaɗa. "Baba, tashi mana. Babban mutum aka rasa."

Nevzat ba ya ƙin abin da aka roƙe shi da ladabi. Ya ajiye takardarsa, ya miƙe, ya gyara falmaran, ya duba yadda mutane ke yi, ya shiga tafi.

Sevim ta zame daga hannun matar tana kallonsa. Kwana da kwanaki tana roƙon Allah hannayen nan su motsa. Ga su sun motsa. Tafi yake yi mai nauyi, a natse, fuskarsa cike da girmamawa ga mamacin da bai sani ba.

Taku talatin ne tsakaninta da dandamali. Abin da za ta yi kawai shi ne ta cire masa hula da tabarau ta ja hannunsa. Ta ɗaga lafiyayyen hannun har ya kusa taɓa hular, sai ta tsaya. Me za ta kai musu? In Rasim ya rungume shi ya ce Nevzat, wa zai amsa? Ta tsaya a nan, baƙin ciki ya rufe ta, don ta ga cewa ƙaryar da Rasim ya faɗa bisa kuskure ta fi kusa da gaskiya a kan abin da ita take faɗa wa Pelin shekara biyu. Ta sauke hannun.

Da tafin ya lafa, mutane suka zauna, Rasim ya juya wajen mai ganga. "Duka uku, sai ka tsaya. Kada ka yi gaggawa, ka ƙirga numfashi biyu. Ka ji ko?"

Duka uku suka faɗo, masu ƙarfi, har kofuna suka amsa a kan tebur. Sai shiru. Lambun gaba ɗaya ya riƙe numfashi. A cikin shirun nan hannun Sevim ya sauka kan tebur sau ɗaya, bai nemi izininta ba, ya riga mai gangar.

Ta dubi Nevzat. Hannayensa suna kwance a kan takardun da ya ninke, ko yatsa bai ɗaga ba. Ba dandamali yake kallo ba, ita yake kallo, da hawayen da ke zuba mata. Jita ta shigo, Rasim ya fara, jama'a suka ɗauka. Nevzat ya zaɓi takardar da ta fi kyan ninki ya miƙa mata da hannu biyu.

"Naki ne mamacin, baiwar Allah?"

Ta karɓa.

"Mijina ne."

"Ayya. Allah ya jiƙansa. Ya daɗe yana jinya?"

"Shekara huɗu."

"Ke kika yi jinyar?"

"Ni kaɗai."

Ya dubi ɗaurin hannunta ya girgiza kai. "Kin yi ƙoƙari," ya ce. "Wallahi kin yi ƙoƙari. Yanzu sai ki huta."

Ba ta ji sauran waƙar ba. Ta san dai Rasim ya manta baiti na biyu, jama'a suka cike masa, kuma mai gangar ya yi gaggawa a shiru na ƙarshe.

Ana gamawa Shukru ya dawo, wannan karon ya rage murya. "'Yar'uwa, Baba ya ce don Allah ki zo baya, yana son ya yi miki gaisuwa da kansa."

"Ka ce masa na gode. Ka ce ina da mara lafiya, zan kai shi gida."

Ta sa hannu a aljihun falmaran ta ciro cokalin shayi ta ajiye masa a faranti. Suka fita ta ƙofar gefe tun kafin jama'a su watse, Tunjay yana ta kiran a ba shi adireshi saboda fanken.

A jirgin komawa rana ta kusa faɗuwa. Ta zaunar da Nevzat a benci na waje, ta saƙala yatsunta a gefen falmaran ɗinsa, ta matse wayar da kafaɗa. Bugu ɗaya Pelin ta ɗauka.

"Mama? Yaya? Ya motsa?"

"Ya yi tafi."

"Tafi? Kai, Mama, ai wannan wani abu ne! In kina so mu ƙara jira, ni zan iya..."

"Ki kira su gobe. Ki ce e."

"Mama, me ya faru?"

"Ki ce musu sukari biyu yake sha. Ba ya son a rufe masa ƙofa in zai kwanta. Kuma in cokalinsu ya ɓata, kada su yi masa faɗa, su duba aljihun dama."

Ta kashe tun kafin Pelin ta fara kuka, don ba ta da wurin ajiye kukan wani.

Nevzat yana kallon ruwa. Iska ta ɗaga masa hula, ta danne masa ita. Sun kusa Konak ya juyo, ya dube ta da kyau, kamar wanda ya tuna wani nauyi da ke kansa. Zuciyarta, wadda ba ta jin magana, ta sake bugawa.

"Baiwar Allah," ya ce, "a ina ake zaman makokin? Ya kamata in zo in yi miki gaisuwa."

Jirgin ya doki gaɓa, aka jefa igiya. Sevim ta miƙe ta kama hannunsa.

"Taso," ta ce. "Can za mu."